Mai Masar Tashar Nyanya

Da hantsin wata Asabar Zakiyya ta fara ganin Manniru, a bakin kasuwar Garki. Ba da son ranta ta zo ba. Lucy, abokiyar aikinta a wani kamfanin inshora da ke Area 11, ita ta matsa mata su je su ga saurayin da ke zagayawa da mutane kasuwa yana ɗanɗana musu abincin titi.

Suka same shi tsaye cikin shadda ruwan toka, mutum tara kewaye da shi, har da Turawa biyu. Yana ba su labarin yadda sana'ar ta samo asali. Shekara uku da suka wuce ya raka yayansa jinya Indiya, suka yi wata huɗu a Delhi. Wata rana zaman asibiti ya ishe shi, ya bi wani ayari da jagora ya shiga da su lungunan tsohuwar kasuwa. Suka sha shayi a kofin yumɓu, suka ci soye-soye a tsaye, jagoran yana kiran kowane mai tebur da sunansa, yana faɗin tarihinsa kamar na wani basarake. Manniru ya ce a ransa, masu ƙosanmu da masu tsirenmu da me aka fi su?

Yana cikin magana idonsa ya faɗa kan Zakiyya. Ya manta inda ya tsaya, sai da Lucy ta tuna masa.

Ranar sun ci awara mai zafi, sun sha fura da nono, sun ƙare da kilishin Area 1. Da yajin ya sa Zakiyya tari, shi ya miƙo mata ruwa, ya tambayi sunanta. Da yamma saƙonsa ya shigo, don Lucy ta riga ta ba shi lambar.

"Yau na kai mutum goma sha ɗaya kasuwa, amma fuska ɗaya na dawo da ita gida. Ina fata yajin ya sake ki."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Ya sake ni, Jagora. Na gode da ruwa."

Daga nan ta zama 'yar kowace Asabar. Shi yana kiranta Zaƙina, ita tana kiransa Jagora. Wata rana ya tambaye ta iyayenta. Ta ce mahaifinta ya rasu tun tana firamare, wannan gaskiya ne. Mahaifiyarta kuwa, ta ce, tana harkar abincin biki da manyan taruka.

Gaskiyar ita ce, Inna Kubra masa take soyawa a bakin tashar Nyanya, shekara ashirin da biyu ke nan. Da tandar nan ta kai Zakiyya har jami'a. A jami'ar ne 'yan ɗakinsu suka taɓa cewa kayanta na warin hayaƙi, kuma tun daga ranar ta koyi ɓoye inda ta fito. A ofis ma ba wanda ya sani. Duk lokacin da Manniru ya nemi zuwa gida gaisuwa, sai ta ce Inna ta yi tafiyar aiki. Ita kuma Inna, Zakiyya takan ce mata ana kwas a ofis ranar Asabar.

Bayan wata biyar ya turo mata saƙo: "Zaƙina, gobe akwai sabuwar hanya. Na samo wata baiwar Allah da hannunta ya fi na kowa a Abuja. Ba zan faɗa miki ba, sai kin ɗanɗana."

Washegari ya ɗauko bas. Lucy ta zo da mutum biyu daga ofis, har da Amir, ƙanin ogansu, wanda ya daɗe yana bin Zakiyya tana kaucewa. Da motar ta wuce mahaɗar AYA ta gangara hanyar Nyanya, Zakiyya ta gane unguwar da aka nufa. Ta yi ta addu'a a ce mai ɗanwake ce, ko mai kunu. Suka sauka, suka ratsa tsakanin 'yan kamasho da masu lemo, Manniru na gaba, har ya tsaya a rumfar da ta fi sani a duniya.

Inna Kubra na zaune kan kujerarta 'yar tsugunno, ludayi a hannu, gumi na bin wuyanta, zanenta duk ɗigon ƙullu. Ta ɗago da fara'a, ta ga 'yarta cikin baƙi. Bakinta ya buɗe zai kira suna.

Zakiyya ta kawar da kai, ta gyara gilashinta, ta shiga danna waya.

Inna ta dube ta na ɗan lokaci. Sannan ta sa masa uku a faranti, ta zuba miyar taushe, ta miƙo mata da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Bismillah."

Zakiyya ta karɓa. Manniru kuwa, bai san dawar garin ba, ya shiga ba da labari cikin jin daɗi. Ya faɗi yadda Inna ke jiƙa shinkafarta, da yadda direbobin Keffi da Lafiya ke jiran ta kunna wuta. Ya ce abin da ya fi burge shi, da wannan tanda ta ilimantar da 'yarta har digiri, yanzu tana aikin ofis a Garki. Baƙi suka tafa. Amir ya yi dariya ya ce lallai yana son ganin wannan 'ya, ko da tsintsiyar shafa mai take sa hannu a takarda. Wasu suka dara. Zakiyya ma ta motsa baki kamar mai murmushi.

Da ta koma gida da la'asar, ta shirya wa faɗa, har da mari. Ba ta samu ko ɗaya ba. Inna ta amsa sallamarta, ta nuna mata abincinta a rufe, ta ci gaba da wanke shinkafar gobe. Zakiyya ta durƙusa ta fara magana, Inna ta ce ta tashi kada ta ɓata kayanta masu tsada. Kwana bakwai haka. Ba zagi, ba hira. Zakiyya ta gwammace a doke ta.

Ta daina ɗaga wayar Manniru, don duk lokacin da sunansa ya fito, hannayen nan biyu da faranti take gani. Ranar Laraba aka yi ruwa, ta rasa mota, Amir ya rage mata hanya zuwa bakin titi. Manniru, da ya zo ofis ɗin neman ba'asi, ya hango ta tana shiga motar. Bai ƙarasa ba. Saƙo ya turo.

"Na gan ki yau. Idan mai yawon kasuwa ya yi miki kaɗan, ba laifi, amma da kin faɗa mini da bakinki. Allah ya sa shi ne alheri."

Washegari ta yi kuka a banɗakin ofis har idonta ya kumbura. Sannan ta rubuta abin da ta kasa faɗa wata biyar.

"Jagora, ba ruwana da Amir. Ba kai ka yi mini kaɗan ba, ni ce ban kai ba. Matar da ka kai mu wurinta mahaifiyata ce. Ni ce 'yar da ka ba da labarinta. Na tsaya a gabanta na yi kamar ban san ta ba. Idan ka ƙi ni, ka yi daidai."

Kwana uku bai amsa ba. A na huɗu ya kira. Muryarsa ba fushi, kuma hakan ya fi yi mata ciwo. Ya ce sana'ar Inna ba ta dame shi ba ko kaɗan, shi da yake cin abinci da darajar irin su. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ta ɗauke shi mutumin da za a ɓoye wa uwa. Kuma shi ma kunya ta ishe shi, don da bakinsa ya tsaya yana zuba, ana yi wa dattijuwa dariya a gaban 'yarta.

"Har yanzu ina son ki, Zaƙina," ya ce. "Amma ba ni za ki fara ba wa haƙuri ba."

Ranar Juma'a ya je gidan da kansa, ya durƙusa a gaban Inna, ya nemi gafara, ya kuma faɗi abin da ke ransa game da Zakiyya. Inna ta saurare shi har ya gama. Ta ce shi ba ta riƙe shi da komai ba, yaro ne mai ladabi. Amma aure, a'a.

"Ba zan ba ka ita ba, ɗana. Saboda kai ta ji kunyata. In ta shiga gidanka, ranar suna ta ƙofar baya za a shigo da ni. Gara ta auri wanda ya san ta da warin hayaƙi."

Ta kuma roƙe shi kada ya sake kawo mata baƙi. Zakiyya na bayan labule tana ji.

Ta je Apo wurin Baffa, ƙanin mahaifinta, mai sayar da kayan gyaran mota, ko zai sa baki. Ya ji labarin, ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Ya ce shi ba zai roƙi Kubra ba, don ba shi da fuskar da zai kalle ta. Abin da aka ɓata a bainar jama'a, in ji shi, ba a gyara shi a ɗaka.

Zakiyya ta fahimta. Ranar Litinin, ana tsakiyar aiki, ta gaya wa Lucy komai, a gaban Amir da sauran. Lucy ta ce ita mamanta burkutu take dafawa a ƙauyensu, kuma hotonta ne a fuskar wayarta. Zakiyya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk da haka ta gayyace su Nyanya ranar Asabar, ta kuma roƙi Manniru ya zo da mutanensa, laifin saɓa wa Inna a wuyanta.

Asabar ɗin ta riga Inna fita. Ta ɗaura tsohon zane, ta ɗora robar ƙullu a ka, ta ratsa tasha da ita, masu shago na kallo. Rabonta da hakan tun tana aji uku a sakandare. Inna ta iso ta same ta tana hura wuta, hayaƙi na sa ta hawaye. Ba ta kore ta ba.

Hannun ya manta aiki. Masar farko ta ƙone, ta biyu ta fashe wajen juyawa, mai ya fallatsar mata a yatsa. A haka baƙi suka iso, Manniru a gaba, Lucy a bayansa. Amir bai zo ba.

Zakiyya ta miƙe, ludayi a hannunta.

"Wasunku sun gan ni a nan kwanakin baya," ta ce. "Wannan mahaifiyata ce, Kubra. Duk abin da na zama, daga tandar nan ya fito. Ranar na yi kamar ban san ta ba. Ina so ku ji da kunnenku cewa ni ce abin kunya, ba ita ba."

Ta juya ta durƙusa a ƙasar tashar, cikin toka da ruwan wanke-wanke, ta kama ƙafar uwarta. Inna ta kalli wuta, ta kalli 'yarta, leɓenta na motsi.

"Tashi, Zakiyya," ta ce a hankali. "Masarki na ƙonewa."

Ta kama hannunta da ludayin, ta nuna mata yadda ake zubawa, kamar yadda ta nuna mata tana 'yar shekara tara. Manniru ya juya baya yana share ido da hularsa.

Inna ba ta sauko nan take ba. Sai da ta ga wata biyu cur Zakiyya na zuwa rumfa kowace Asabar, da baƙi ko ba baƙi, sannan ta aika wa Baffa cewa mutanen Manniru na iya zuwa. Da Zakiyya ta ji, ta rubuta masa: "Jagora, Inna ta ce ka turo." Amsarsa ta zo kafin ta ajiye wayar: "Alhamdulillahi. Na kai mutane wurare da yawa, Zaƙina, yau ni aka kai inda nake so."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a a wani masallaci a Nyanya, Baffa ne waliyyi. Masu kilishi da masu fura na Garki da Area 1 suka cika unguwa, kowa da abin da ya riƙo.

Da za a tafi da amarya, Inna ta sa aka ba su wuri. Ta zaunar da Zakiyya a bakin gado, ta riƙe hannunta mai lalle. Ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifinta, kakan Zakiyya, majemi ne a garinsu. Tana budurwa ta taɓa haɗuwa da shi a hanya tana tare da ƙawaye, yana ɗauke da ɗanyun fatu a kafaɗa, ta toshe hanci tare da su ta wuce. Ya gan ta. Bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma ta yi ta cewa gobe, har aka yi mata aure ta taho Abuja, har ya rasu.

"Ni ban samu na durƙusa ba," ta ce. "Ke kin samu. Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da za su kira sunanku da ƙarfi a cikin mutane."

Zakiyya ta kifa kai a cinyar uwarta. A waje mata na ta guɗa, mota na jira, Inna kuwa ta bar ta ta yi kukanta har ta gama.