Sifika Biyu a Ɗakin Amarya

"Ke Zinariya! Amarya a wurin jere? Hauka kike yi?"

Ko kallon Goggo Maimuna ba ta yi ba. Idonta na kan sifika biyun angonta Abdulsalam, an cusa su lungu ɗaya kan ɗaya, an lulluɓe da leshi har da fulawar roba a sama.

Kayan sauti yake sayarwa a kasuwar Wunti kafin haɗarin babur ya tafi da idanunsa, bayan an sa musu rana. Dangi suka ce ta fasa. Ta ce sam!

"Wa ya ajiye su nan?"

"Ni ce," in ji Bilkisu 'yar Goggo, wadda ta yi ta yi masa shisshigi lokacin yana gani. "Don makaho za a ɓata jere?"

"Kabet ɗin nan za ta matsa," in ji Zinariya.

Goggo ta dafe ƙirji. "Kabet ɗin da jama'a za su zo gani?"

"Goggo, duk abin da kuka jera na masu ido ne. Shi me aka ajiye masa?"

"Wallahi kika taɓa ta, ba mai raka ki a cikinmu!"

"To sai in zo a keke."

Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta tura kabet, tangaran na kaɗawa. Ta raba sifikun dama da hagu kamar yadda ya koya mata, ta janye su kamu ɗaya daga bango. Ta ɗora kowacce daidai kunnen mai zama, ta karkato fuskokinsu zuwa kujera. Tazarar da ke tsakaninsu, ita ce tazararsu da kujerar.

Goggo ta cika alkawari. Ranar kai amarya Baffa ne, ƙanen mahaifinta, ya kawo ta da kansa, yana ta faɗa har ƙofar gida.

Washegari da hantsi ta zaunar da angonta a kujerar, ta kunna waƙa.

Ya kasa kunne... sai ya miƙa hannu gabansa.

"Ga mai waƙar nan a tsakiya! Wa ya jera su?"

"Ni."

"Kin ɓata da dangi saboda ni, Zinariyata..."

"Za su huce. Matsa mini."

"Ai wurin da sauti ya fi daɗi na mutum ɗaya ne, masoyiya."

"Daga yau na biyu ne. Matsa!"