Saniyar Katako

A zauren gidan su ƙawarta da ke unguwar Takur ne Hadiyya ta fara ganin Zuhair, ya duƙufa yana goga wani guntun katako da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Sai da ta yi sallama uku ya ɗago. Yana ganinta guntun ya suɓuce daga matsefatarsa, suka durƙusa nema tare.

"Malam, duk wannan wahala a kan ɗan tsinke?"

"Ranki ya daɗe, in ya ragu da kaurin gashi ɗaya, sauran ba za su zauna ba."

Ma'aikacin gwamnati ne, amma Asabar da Lahadinsa na ƙananan ƙere-ƙere ne. Kafin wata uku soyayya ta yi musu kamun kazar kuku.

Mahaifinta, Alhaji Bubayero, mai garken shanu a Jahun, ya ce atafau. "Gemai-gemai da shi yana wasan yara? Ba zan ba shi 'yata ba."

Hadiyya ta sha kuka har saƙon Zuhair ya shigo: "Sanyin idona, share hawayenki. Ba ni wata biyu."

Ta mayar: "Ko shekara ce ina nan, Maƙerina."

'Yar ƙaramar saniyar katako ya ƙera, gunduwa arba'in, babu gam babu ƙusa, kowace ta shige cikin 'yar uwarta ɗas. In an murɗa mariƙi sai ta kwanta ta tashi. Ya kai wa Alhaji yana ji da kansa.

Alhaji ya murɗa sau ɗaya, ya tuntsire da dariya. "Ai wannan doki ne mai ƙaho! Saniya da ƙafafun baya take fara tashi, ɗan birni."

Kunya ta lulluɓe Zuhair, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma bawan Allah bai gudu ba. "Baffa, ban sani ba. A koya mini."

Asabar bakwai yana hawa motar Jahun, ya tsuguna a garke yana kallon shanu. Tun Alhaji yana basarwa har ya fara nuni da sanda: "Dubi gwiwar gaban, a nan take ɗan dakatawa." Gunduwa goma sha ɗaya Zuhair ya sake yankawa.

Ranar da ya dawo da ita, Alhaji ya murɗa a hankali. Saniya ta ɗaga baya, ta dakata a kan gwiwa, ta miƙe. Alhaji ya ɗago ya dubi Zuhair.

"Wanda aka yi wa dariya ya dawo yana gyara kuskurensa zai iya riƙe iyali. Turo magabatanka."

Hadiyya da ke laɓe a bayan ƙofa ta fashe da kukan daɗi.

Bayan ɗaurin aure Alhaji ya jawo wata farar karsana, kyautarsa ga amarya, ya damƙa wa ango igiyar.

"Ɗana, ga su nan su biyu, amana. Allah ya yi muku albarka."