Linzamin da Aljani Ya Nema

Ran Litinin ne, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, gidan mai gyaran kwamfuta yana nan yadda ya saba. Uwar yara tana kwashe shanya. Babbar 'yar tana ɗaki da waya a kunne, Auta tana kukan banza don a lallashe ta, kuma ana lallashin. Ta Tsakiya tana ɗan lungun da ke tsakanin shago da falo, gaban tsohuwar kwamfutar da babanta ya bar mata don ba mai saye.

Sai dutse ya faɗo a kan kwano, can gefen dama. Aka ɗan yi shiru, wani ya faɗo a gefen hagu. Uwar ta tsaya da zani a hannu, ta leƙa waje, layin fayau, ko akuya babu. Ta yi a'uziyya ta ci gaba da ninke kaya.

Ita wannan Ta Tsakiya shekarunta goma sha tara, kuma tun tana rarrafe haka ake kiranta, kamar ba a raɗa mata suna ba. Zanen gini ta koya. Wani ofishin masu zane ya ce zai ɗauki mutum uku ya horar, duk mai so ya kai zanen gida cikakke kafin a tashi aiki ran Alhamis. Wata uku ke nan tana kan nata zanen, ba ta da wani buri a duniya sai shi.

Abin da ya tsaya mata a wuya ɗan ƙarami ne, shi ya sa ya fi ciwo. Kwamfutar ba ta karɓar maus irin na yanzu, sai tsoho mai ƙaton kai da ramuka tara, wanda ake ɗaurewa a bayanta da noti biyu. Maɓallansa uku: na dama yana yi, na hagu yana yi, na tsakiya kamar an binne shi. Da shi kuwa ake jan takardar zane a kan allo. Babanta maus yake ce wa abin, kamar kowa a layin. Ita kaɗai take cewa linzami, yadda malamarsu ta koya musu, har yayarta tana yi mata dariya wai ta cika iyayi.

"Baba, don Allah linzamin nan."

"Ba na saita miki ba? Danna biyun tare, za ta ɗauka na tsakiya ne. Duk ɗaya."

Ba ɗaya ba ne. In yatsa ɗaya ya riga ɗan'uwansa sauka, sai bango ya goge, ko layi ya ratsa tsakiyar ɗaki, aikin yini ya tashi a banza. Wata rana ta kifa linzamin ta ga wani ɗan makunni a cikinsa, an rubuta biyu da uku. Ta tura shi kan uku, kibiyar allo ta haukace tana tsalle ko'ina. Baba ya shigo ya yi mata tas, ya mayar, ya ce kada ta ƙara taɓa abin da ba ta sani ba. Wurin saitin kuma a kulle yake da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Mutumin da unguwa guda take yaba wa hannu, kullum amsarsa gare ta ita ce gobe.

Da aka idar da sallar magariba ran Litinin ɗin, wuta ta ɗauke. Cikin shirun nan aka fara jin ƙas, ƙas daga lungu, ƙarar maɓalli, alhali kwamfuta a kashe take. Uwar ta haska fitila. Ta Tsakiya tana zaune ƙiƙam, hannayenta a cinya, idanunta sun juye sai fari. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ta wani tsoho ce, mai kauri, mai gajiya.

"Linzami," in ji muryar.

Fitilar ta suɓuce daga hannun uwar.

Kwana huɗu aka yi a haka. Da rana tana kwance kamar gawa, ba ci ba sha sai ruwan da ake ɗura mata da cokali. Rana na yin ja duwatsu biyu za su faɗo, dama da hagu, sai ta tashi zaune ta faɗi kalmar nan guda. Auta ta daina kukan banza, ta koma na gaske. Gwaggon yaran ta zo ran Talata, ta saurara, ta tafa hannu ta ce ai magana a fili take: ya hau ta, doki ya mayar da ita, linzami yake nema. Baba ya rufe shago yini guda, abin da bai taɓa yi ba, ya bi kasuwanni har ya samo linzamin doki na ƙarfe da fata. Aka ajiye mata a gaba ran Laraba. Ta dube shi, muryar ta yi wata dariya mara daɗi, aka ga linzamin ya tashi ya bugi bango. Gwaggo ta ce ƙila ya raina shi ne, a nemo mai ado.

A duk kwanakin nan ba wanda ya leƙa lungu. Abin haushin ke nan, taku shida ne daga inda take kwance.

Sai ran Juma'a bayan la'asar aka samo malamin da ya san aikin. Dattijo ne siriri, ba ya gaggawa, bai zo da komai ba sai carbi da agogon hannunsa. Ya sa aka rufe ta da mayafi, ya zauna daidai kanta ya fara karatu a hankali. Inuwa tana tsawo a tsakar gida, tsuntsaye suka yi tsit. Can jikinta ya ɗauki rawa, ta tashi zaune.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci ne. A lungun nan nake, bayan tarin matattun kwamfutoci, tun kafin a haife ta."

"Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Kuka take yi kullum da magariba, a hankali don kada a ji. Ni kuwa ina ji. Na tsufa, malam, ina son barci."

"To zalunci ne ka shiga jikin baiwar Allah. Me kake nema?"

"Na faɗa har na gaji. Linzami."

"An kawo maka, ka yi jifa da shi," in ji gwaggo daga bakin ƙofa.

Kan yarinyar ya juya a hankali, bai tsaya a kan gwaggo ba, sai a kan Baba.

"Ni na ce muku doki gare ni? Kai, mai gyara. A gidan nan wa yake cewa linzami?"

Uwar ce ta fara ganewa, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi. Abin kwamfutar nan ne."

"Da bakinta na yi magana, da kalmarta," in ji muryar. "Na zaci ko ɗaya cikinku zai gane. Sau sittin da ɗaya ta roƙe ka, ina ƙirgawa, ba ni da wani aikin. Ka gyara wa mai shayi kwamfutarsa, ka gyara wa ɗan maƙwabci ta wasan ƙwallo."

"Ba ka da hurumin yi wa uba hisabi," malam ya ce, amma bai ɗaga murya ba. "Za ka fita."

"Zan fita. Ya gyara ina gani, sannan in tafi, in bar musu lungun ma gaba ɗaya."

"Ba a yi mini sharaɗi."

"To ci gaba da karatu. Ni zan ƙone, ita za ta wahala, maɓalli yana nan yadda yake."

Malam ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya dubi Baba ya ce, "Tashi ka gyara. Ba don shi ba."

Aka yi sa'a akwai wuta. Baba ya jawo teburin zuwa falo, gumi yana bin wuyansa. Ya kifa maus ɗin ya tura ɗan makunnin kan uku. Ya buga kalmar sirri, ya buɗe wurin saiti, ya goge kalma ɗaya da take gaya wa kwamfutar cewa maɓalli biyu ne, ya rubuta wata. Ya cire layin nan na danna biyu tare. Ya kashe ya kunna. Kibiya ta fito ta tsaya cak, lafiya lau. Ya buɗe zanen, ya danna na tsakiya ya ja, takardar ta biyo hannunsa sumul. A lokacin ne ya fara ganin gidan da 'yarsa ta zana: ɗakuna biyar, matakala mai lanƙwasa, bango ɗaya bai ƙarasa ba.

"Malam, duba agogonka," in ji muryar.

Malam bai so ba, amma ya duba. "Minti huɗu."

"Minti huɗu," muryar ta maimaita, ba dariya wannan karon. "Na tafi. Ku ma Allah ya ba ku haƙurin zama da juna."

"Ta ina za ka fita?"

"Ta yatsan da bai samu aiki ba."

Yatsan tsakiya na hannunta na dama ya miƙe ya yi rawa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta. Daidai nan aka kira magariba. Kowa ya kasa kunne yana jiran dutse, kwano bai ce komai ba.

Ta buɗe ido da kyar. Ta ga malam, ta ga gwaggo tana share hawaye, ta ga teburinta a tsakiyar falo. Baba ya matso da sauri, fuskarsa cike da murna irin ta wanda ya gama aiki mai kyau, ya ɗora hannunta a kan linzamin.

"Danna ki gani. Na gyara miki."

Ta danna. Takardar ta motsa. Ta ja ta dama, ta ja ta hagu, ta tsaya a kan bangon da bai ƙarasa ba, har murmushi ya fara zuwa bakinta. Sai ta ɗago.

"Mama, yau wace rana?"

"Juma'a, 'yar nan. Kwana huɗu kina kwance."

Ta janye hannunta a hankali ta mayar cinya. Ba ta yi kuka ba.

"Jiya aka rufe karɓa," ta ce.

Baba ya dubi uwar, uwar ta dubi gwaggo. Sannan ya sunkuyo kusa da ita, da tausayi na gaske a muryarsa.

"Karɓar me?"