Ranar da Teku Ya Ƙi Buɗewa

A aji huɗu akwai wata yarinya da ake kira Mai Mafarki. Ko ana tsakiyar darasi, hankalinta yana can wajen gajimare.

Wata rana wata mai bincike ta zo daga jami'a da ƙananan kwamfutocin hannu. Tana so ta gano ko suna taimaka wa yara su iya lissafi.

Ta ce, "Duk wanda ya amsa tambayoyinsa daidai, teku zai buɗe masa a fuskar kwamfutar."

Wayyo, tekun nan! Ruwa shuɗi, kifaye masu launi-launi, da wani ƙaton kunkuru yana yawo a hankali kamar ba shi da aikin yi. Mai Mafarki ba ta taɓa ganin teku ba. In tana kallo, sai ta ji kamar ita ma tana iyo a cikinsu.

To amma lissafi yana cin lokaci. Sai ta riƙa miƙa wa ƙawarta kwamfutar ta ƙarƙashin tebur.

"Don Allah yi mini. Ke ai kanki yana ja."

Ƙawar ta danna nan, ta danna can, teku ya buɗe.

Ashe kwamfutar tana lura. Ta ɗauka Mai Mafarki gwana ce, sai ta dinga ƙara mata tambayoyi masu wuya.

Ran nan Malam ya sauya wa ƙawar wurin zama. Tambayoyi suka fito dogaye, masu ɗaure kai. Duk wadda Mai Mafarki ta danna, kuskure. Teku ya ƙi buɗewa ƙememe.

Mai bincike, da ta duba sakamakon kwanakin baya, ta matso da murmushi. "Ga gwanarmu! Zan rubuta cewa ke kika fi kowa ci gaba."

Yarinya ta fashe da kuka. "Anti, ba ni ba ce. Ƙawata ke yi mini."

Mai bincike ta dafa kafaɗarta. "Da na rubuta haka, da na yi wa makarantu da yawa ƙarya ban sani ba. Na gode da kika faɗa."

Malam ya girgiza kai. "Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yata."

Aka mayar da ita tambayoyin farko. Ta zauna tana ƙirga da yatsu, Malam yana gyara mata. Sannu a hankali ta iya, har teku ya buɗe da hannunta. Daɗi ya kama ta, ta yi tsalle!

Daga ranar ta gane cewa wanda ya bari aka yi masa karatunsa, kansa ya cuta.