Ƙararrawar da Hambali Ya Cire

Ku rage hasken fitilar nan. Kai Sagiru, daina kaɗa ƙafa. Tunda kun matsa sai Yaya ya ba ku labari, to ga na Hambali, kuma wanda ya yi mafarki kada ya kira sunana.

Hambali mai aikin lantarki ne, gwani kuwa, hannunsa ba ya rawa a kan waya. 'Ya ɗaya Allah Ya ba shi bayan dogon jira, Safara'u. In kana son ganin haƙoransa, ambaci sunanta.

Wani kamfanin fasa dutse a bayan tsauni, nesa da gari, ya kira shi aiki. Akwai dogon bel na roba da ke haurawa da duwatsu yana zubawa a bakin injin niƙa, wani rami mai haƙoran ƙarfe. Injin da ke jan bel ɗin ba shi da hankali. In an kunna shi sai ya fizga da ƙara kamar tsawa, wani lokaci har bel ya tsinke. Shi ya sa suka sayo inbata, akwatin nan da ke sa inji ya tashi a hankali, ya tsaya a hankali. Hambali ne zai haɗa.

Wurin ba ya raga wa mutum, balle na'ura. Garin dutse a hanci, a ido, a cikin abinci. Ƙasa na girgiza tun safe. Hambali ya toshe kowace kafa ta akwatin, ya sa fanka da matacin iska, ya shimfiɗa roba a ƙarƙashi saboda girgiza. Aiki dai ya yi kyau, ban rage masa ba.

Sai dai a inda akwatin zai zauna akwai tsohuwar ƙararrawa ta tagulla. Kafin bel ya motsa sai ta yi kuka, ma'aikata kuma su ɗaga murya su ce, "Bismillahi, a kauce!" ko da babu kowa a wurin. Hambali ya san dalili sarai. Mahaifiyarsa ba ta taɓa watsa ruwan zafi a ƙasa ba sai ta yi magana. Amma ƙararrawar ta tare masa wuri. Ya kwance ta, ya wurga kan tarin ƙarafa, ya ji ta tsage. Ya ce gobe ya sa sabuwa.

Ya gama daf da magariba. Ma'aikata sun sauka wanka da salla. Zumuɗi ya hana shi bin su, so yake ya gwada shi kaɗai. Ya sa gudu mafi ƙanƙanta, ya danna. Bai yi bismilla ba. Babu tsawa, babu fizga. Wani siririn kuka kawai, kamar na sauro, bel ya fara rarrafe.

"Sannu da aiki, mai waya."

Mace ce tsaye a gabansa, doguwa, da baƙin zane. Amma muryar ta bayan kunnensa ta fito. Kowa a wurin nan fari fat yake da ƙura, ita ko ɗigo babu a jikinta. Ya dubi ƙasa. Garin dutse har idon sawu, sawunsa kaɗai ne a ciki.

"Ina ƙararrawa?" in ji ta.

"Na cire, baiwar Allah. Gobe zan..."

"Ɗana na barci a kan bel. Robar na da ɗumi, nan yake kwanciya. Ƙararrawa ke tashinsa."

Hambali ya waiga. Babu dutse ko ɗaya a bel ɗin, amma can sama robar ta lotsa a wuri guda, kamar an kwantar da wani abu ƙarami. Lotsawar na tafiya, tana nufar bakin ramin.

Ya danna tsayawa. Bel bai tsaya ba. Ai shi da hannunsa ya koya wa akwatin tsayawa a hankali. Ya ruga babban makunni a ɗaya ɓangaren, yana tuntuɓe, yana salati, ya finciko shi ƙasa. Kafin shiru ya sauka, ya ji abu ya faɗa cikin ƙarfe. Tim.

Matar ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta haura bel ɗin, ta sauko rungume da abin da idonsa bai gani ba.

"Bai mutu ba," in ji ta. "Bai kuma farka ba." Ta dube shi. "Safara'u ma ta yi barci."

Bai taɓa faɗa wa kowa a wurin sunan 'yarsa ba. Ya durƙusa cikin ƙura.

"Ni na yi laifi. Don Allah ki ɗauke ni, ki bar ta."

"Ni ma da an tambaye ni, ni zan kwanta a bel."

Ta sa hannu cikin zane ta ciro ƙararrawar, ta ajiye a gabansa. "Da wannan za ta riƙa tashi. Ran da nawa ya farka, taka ta huta. Ran da ƙararrawar ta rabe biyu kuwa..." Ba ta ƙarasa ba. Ya ɗago, babu kowa.

A gida ya tarar da matarsa Rakiya tana kuka. Yarinya ta ɓingire da magariba, lomar tuwo a hannu. An jijjiga ta, an shafa mata ruwa, an yi addu'a, tana numfashi amma ko motsi. Hambali ya ciro sifana daga aljihu, ya ƙwanƙwasa ƙararrawar. Safara'u ta buɗe ido.

"Baba, ka dawo?"

Ya rungume ta yana hawaye. Sannan ya dubi tagullar. Tsagar ta ƙara tsawo.

Tun daga ranar, kowace safiya sai an buga. Ya sayo ƙararrawa iri-iri, yarinyar ba ta jin ko ɗaya. Ya kai wa masu walda tsohuwar, wuta ta ƙi kama tsagar. Ya koma wurin dutsen da magariba ba adadi, yana kira, ba wanda ya amsa. Ni da idona na ga ƙararrawar bara, naɗe cikin bargo kamar jaririya, kuma abin ya tsaya mini a rai. Saura ɗan yatsa tsagar ta kai baki. Kullum da asuba zai durƙusa a gefen gadon yarinyar, sifana a hannu, ya daɗe bai buga ba. Hannun nan da ba ya rawa, yanzu sai Rakiya ta riƙe masa shi.

Don haka kada ɗayanku ya tsaya shi kaɗai wurin inji da magariba. In kuma za ku tayar da abu, ko keken ɗinki ne, ku yi bismilla da ƙarfi. Ba ku san wa ya kwantar da ɗansa a wurin ba.