Injin Ƙwallayen Isiyaku

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin shekarar 2003, wata bas ta taso daga Kakuri za ta Mahuta, cike maƙil da fasinja. Direba ya ga rami a gabansa ya taka burki da ƙarfi, sai ledar da ke kan cinyar wani saurayi ta ɓarke. Ƙananan ƙwallaye ja da fari suka watse a ƙasan motar, suna gangarawa tsakanin ƙafafun mutane.

Mota ta kaure da dariya. Saurayin ma dariya ya yi, ya duƙa yana tsinta ba tare da wata kunya ba. Sunansa Isiyaku, makanikin injuna ne a wani kamfanin robobi da ke Kudenda.

"Malam, ga guda bakwai."

Ya ɗago. Wata budurwa ce mai mayafi ruwan toka a kujerar gefensa, ta miƙo masa tafin hannunta. Ya karɓi ƙwallayen, amma ya kasa ɗauke idonsa da wuri.

"Na ɗanka ne?" ta tambaya.

"Ba ni da ɗa, ba ni da mata. Nawa ne."

"Naka? Kai da gemunka?"

"Ni da gemuna. Inji nake haɗa musu."

Ya buɗe jakarsa ya nuna mata ƙananan bulo na roba, irin na wasan yara masu maƙalewa da juna, da wasu giyoyi masu haƙora, da 'yar ƙaramar mota mai aiki da batir, irin wadda ke juya inji. Ya ce da su yake gina inji wanda zai ɗauki ƙwallaye ya hau da su sama, ya ware manya daban, ƙanana daban, ba tare da hannun kowa ba.

"Idan ya ware kuma sai a yi me?"

"Sai in sake zuba su, in zauna in yi kallo."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Sunanta Hauwa, malamar lissafi ce a wata firamare a Makera, ranar za ta je gidan yayarta ne a Mahuta. Kafin ta sauka ya roƙi lambar wayarta. Ta faɗa masa sau ɗaya tak.

"Wanda ke haɗa inji ai ba zai kasa riƙe lamba goma sha ɗaya ba."

Bai kasa ba. Kafin la'asar saƙonsa ya shigo:

"Assalamu alaikum. Na ƙirga, saura ƙwallo ɗaya ban gani ba. Amma ban damu ba, na tsinci abin da ya fi shi a cikin motar nan. Isiyaku."

Sai bayan kwana biyu ta amsa:

"Wa alaikumus salam, Injiniya. Ka iya magana. Saura mu ga ko ka iya inji."

Bayan wata guda ta gani. Ita da yayarta suka je gaishe da mahaifiyarsa, ya kai su ɗakin da ya mayar wurin aikinsa. Injin ya cinye rabin tebur. Ya danna maɓalli, motar ta fara ƙara a hankali, wani bel ya riƙa ɗaukar ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya yana hawa da su. Daga sama su gangaro ta wani siririn kwararo mai ramuka. Ƙananan su faɗa ramin farko, matsakaita na biyu, manyan kuma su wuce har ƙarshe su sauka cikin kwanon sha.

Hauwa ta tsuguna tana bin kowace ƙwallo da ido.

"Wallahi ɗalibaina za su haukace idan suka ga wannan."

"Ke fa, Jidda?"

Ranar ya fara kiranta da sunan. Ta sunkuyar da kai.

"Ni ai na riga su."

Daga nan zance ya yi ƙarfi. Duk Juma'a da Lahadi bayan la'asar yana ƙofar gidansu a Makera, sauran ranakun kuma saƙonni ne ke kai-komo.

"Jidda, yau na gyara inji uku a wurin aiki, amma tunaninki ya hana ni ɗaure kusa ɗaya daidai."

"To ka koma ka ɗaure, Injiniyana. Ba na son a ce ni na lalata kamfani."

Matsala ta taso ne ranar da maganar ta isa kunnen mahaifinta, Malam Zakariyya'u. Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injunan wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe masaƙar, ya dawo gida da akwatin sifanoninsa, ya tura shi ƙarƙashin gado, bai sake buɗewa ba.

"Na yi bincike a kansa," ya ce wa Hauwa. "Ba a ce yana da mugun hali ba. Amma ƙato da shi yana wasa da kayan yara? Kuma ɗan kamfani? Ki dube ni, Hauwa'u. Ni ma ɗan kamfani ne."

"Baba, ba wasa ba ne kawai…"

"Ga Ɗahiru nan, ɗan aminina, yana da shagon siminti, yana da motarsa. Ba zan tilasta miki ba, amma shi na fi natsuwa da shi. Iyayensa na son su zo ƙarshen watan nan."

Ɗahiru kuwa bai zauna ba. Ya zo zance cikin shadda mai maiƙo, ya jingina da motarsa, ya ce:

"Ke ba ki san inda mutumin naki yake zuwa duk Asabar ba? Gonin Gora. Wurin wata mai suna Scholastica. Ni da idona na sha ganin babur ɗinsa a can."

Hauwa ta ce masa ba ta sauraron gulma. Amma maganar ta zauna mata a rai.

Ranar Lahadi Isiyaku ya zo. Da aka kira magariba ya bar mata wayarsa ya shiga masallacin layin. Wayar ta yi ƙara a hannunta, idonta ya faɗa kan saƙon kafin ta iya kawar da kai:

"Abin da kake so ya samu. Na ɓoye maka. Ka zo Asabar da wuri, kar ka gaya wa kowa. Scholastica."

Da ya dawo ta miƙa masa wayar, ta ce kanta na ciwo, ta shige gida. Kwana biyar yana turo saƙo ba amsa.

"Jidda, idan laifi na yi ki faɗa min sunansa, in san ta inda zan fara ba da haƙuri."

Hauwa ba mai zama tana kuka a ɗaki ba ce. Asabar da sassafe ta hau mota zuwa Gonin Gora, ta yi ta tambaya a bakin titi har aka nuna mata wata rumfar kwano. A ciki ta tarar da wata dattijuwa mai jiki, da furfura a gaban ɗankwalinta, zaune a tsakiyar buhunan kayan wasa na gwanjo tana zazzagewa.

"Sannu Mama. Ina neman Scholastica."

"Ga ni, 'yata. Me za a ba ki?"

Hauwa ta tsaya baki buɗe.

"Kin san wani Isiyaku?"

Matar ta tafa hannu.

"Ke ce Jidda! Kai, yaron nan ya cika min kunne da sunanki. Zauna, zauna. Shekara huɗu yana zuwa nan, duk dilar da na kwance sai ya zo ya tsince bulo da giyoyi." Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin benci ta fito da 'yar mota mai ruwan toka. "Wata biyu yana neman irin wannan mai ƙarfi. Wai babban inji yake haɗawa zai kai wa babanki. Na ɓoye ne don masu gyaran rediyo na wawushe su."

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Isiyaku ya sauka, ya ga Hauwa, ya dubi wayarsa, nan take ya gane komai.

"Jidda, da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka da baki za ka amsa. Na fi son in gani da idona." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka yafe min, Injiniyana."

"Na yafe tun kafin ki roƙa."

"To ku matsa min daga gaban kaya," in ji Mama Scholastica, "ku je can ku ƙarasa. Amma ranar biki ina da anko."

A daren Juma'ar da ta biyo baya, bayan an ci tuwo, Hauwa ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ka bari Isiyaku ya zo ya nuna maka injinsa. Idan ka gani ka ce a'a, ba zan sake tayar da maganar ba."

Malam Zakariyya'u ya dube ta, ya ce Isiyaku ya zo gobe.

Isiyaku ya iso da kwali uku. Ya gaida Baba har ƙasa, ya shimfiɗa katako a tsakar gida, ya shiga haɗawa. Ɗahiru ma ya ji labari, ya zo ya tsaya a bakin zaure yana kaɗa makullin mota. Hauwa da mahaifiyarta suna leƙe ta labulen ɗaki.

Ya danna maɓalli. Bel ya tashi, ƙwallaye suka fara hawa, ɗaya, biyu, biyar, goma. Sai aka ji ƙar-ƙar-ƙar, bel ya tsaya cak, ƙwallayen suka zubo baya.

Ɗahiru ya fashe da dariya.

"Baba, ka ga ko wasan ma bai iya ba!"

Hauwa ta ƙara matsowa jikin labulen. Amma Isiyaku bai ko waiga ba. Ya kashe motar, ya kwanta rubda ciki yana duba ƙarƙashin injin.

"Sabuwar motar ta fi tsohuwar gudu," ya ce a natse. "Kuskurena ne, sau biyu kawai na gwada ta. Ina jin bel ɗin ne ya saki."

"Ba bel ba ne."

Kowa ya juya. Malam Zakariyya'u ne, ya riga ya ciro tabarau daga aljihu.

"Tun da ka kunna nake jin kukansa. Ƙaramar giyar nan ba ta kama babbar sosai, haƙoran na tsallake. Matsa in gani."

Dattijon ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Yatsunsa suka bi giyoyin a hankali.

"Kana da mai haƙora ashirin da huɗu?"

"Akwai, Baba."

"Kawo. Ka ƙara bulo ɗaya a nan ya danne sandar, kar ta riƙa rawa. A'a, ba nan ba, nan."

"Gaskiya ne, Baba. Ban taɓa lura da wurin ba."

Suka haɗa kai su biyu, wannan na miƙawa wannan na ɗaurawa. Ba wanda ya san lokacin da Ɗahiru ya tayar da motarsa ya tafi. Da suka sake kunnawa, injin ya tashi lafiya lau, ƙwallaye na hawa suna gangarowa, kowace na faɗawa inda ya dace da ita. Malam Zakariyya'u ya yi wata dariya da iyalinsa suka daɗe ba su ji irinta ba.

Sai kuma ya gyara fuska, ya cire tabarau.

"Yaro, tambaya ɗaya. Idan gobe aka rufe kamfaninku kamar yadda aka rufe namu, da me za ka riƙe min 'ya?"

"Baba, kamfani na iya rufewa, amma ba za a rufe hannuna ba. Ina gyara janareto, ina gyara injin niƙa da famfon ruwa. Ko yanzu makwabta na kawo min. Da yardar Allah Hauwa ba za ta kwana da yunwa ba ina da lafiya."

Dattijon ya dubi nasa hannuwan.

"Da injin nan ya tsaya ina kallonka. Ba ka ɗora wa kowa laifi ba, ba ka yi fushi da mai yi maka dariya ba, kuma da na gyara maka ka karɓa. Aure ma tsayawa yake yi wani lokaci." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ka turo manyanka. Ni zan je in ba mahaifin Ɗahiru haƙuri da kaina."

Daga bayan labule aka ji mahaifiyar Hauwa ta ce, "Alhamdulillahi!" da ƙarfin da bai kamata a ji ba.

Bayan wata uku, ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe, aka ɗaura auren Isiyaku da Hauwa'u a masallacin unguwarsu a Makera. Abokan aikinsa daga Kudenda suka cika layin, malaman makarantarsu suka cika gidan.

Da aka shafa fatiha, Malam Zakariyya'u ya kama hannun angon ya riƙe gam.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah Ya sa albarka a tsakaninku, Ya ba ku haƙuri da juna, Ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," Isiyaku ya amsa, idonsa ya ciko.

Ya samu ya zame daga cikin masu yi masa murna, ya ciro wayarsa ya rubuta:

"An ɗaura, Jidda. Daga yau ke matata ce."

Hauwa na zaune a tsakiyar ƙawayenta, hannunta ja da lalle. Ta karanta sau uku, ta share ƙwalla da gefen mayafi, ta rubuta:

"Guɗar Mama ta riga saƙonka isowa, mijina. Allah Ya bar mu tare har Aljanna."

Allah kuwa Ya amsa musu, Ya zaunar da su lafiya cikin so da rufin asiri.