Tsohuwar Kwamfutar Baban Lubna

Ranar da Amir ya fara ganin Lubna, ko gaisuwar kirki bai samu ba. Sabuwar mai gwajin manhaja ce a ofishinsu na Wuse, ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, aikin nan naka a kwamfutarka kaɗai yake da kyau."

Gaskiyarta kuwa. Manhajar da ya rubuta wa shagunan magani tana nuna alama ɗaya ga magani mai kyau, wata ga wanda ya lalace. Tsohuwar kwamfuta ba ta san alamomin ba, duka biyun sai ta fito da su a matsayin ɗan akwati iri ɗaya. Amir ya ji haushi, amma ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Kafin damina ta wuce ya zama "Injiniyana", ita kuma "Sanyin idona".

Ashe gogan naku gyaran ganin ido ya yi wa manhajar. Shagon da aka fara kai manhajar a Gwarinpa na mahaifin Lubna ne, Alhaji Maliki, kuma saura ƙiris a sayar wa wata mata maganin tarin yara da wa'adinsa ya wuce. Da Amir ya nemi turo magabata, Alhaji ya ce, "Yaron da ba ya gwada aikinsa sai inda ya san zai ci? Ban ba shi 'yata. Ga Nazeer ɗan abokina yana jira."

Amir ya rame, abinci ma ya gagare shi. Sai ga saƙonta: "Injiniyana, tagumi ba ya gyara manhaja. Ka fito da wuri gobe, ina tare da kai."

Suka bi kasuwa suka kwaso tsofaffin kwamfutoci. Suka rubuta gwajin da ke tashi da kansa duk sanda aka taɓa manhajar, ya bi kowace irin na'ura. Wadda ba ta san alama ba, dole ta rubuta da baƙi ƙarara. In gwaji ya faɗi, Lubna ta yi dariya ta ce, "Gara mu gani a nan da Baba ya gani."

Da suka kai gyararriyar manhajar shagon, Alhaji da hannunsa ya shigar da lalataccen magani. Tsohuwar kwamfutarsa ta rubuta: YA LALACE.

Ya ce, "In gobe wani ya sake ɓata ta fa?"

Amir ya ce, "Gwajin zai tare shi kafin ya iso nan, Baba."

"Wa ya ce ka kira ni Baba?" Alhaji ya harare shi, sannan ya yi murmushi. "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, godiya ta cika zuciyar Amir. Alhaji ya damƙi hannunsa ya ce, "Ka riƙe min ita a kowane hali, ba ranar daɗi kaɗai ba. Allah ya yi muku albarka."

Hawaye ya zubo wa ango, jama'a suka ce amin.